Wankan da Goggo Ta Koya wa Matar Cikin Littafi

Matan da suka zo gaisuwa duk sun fi ni kuka. Ba abin ɓoyewa ba ne, Kusada kakaf an gani. Kwana bakwai ina zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakin Goggo, ana shigowa ana fita. A ce mini, "Malama, ya ƙarin haƙuri?" in ce, "Da godiya." A ce Allah ya jiƙanta, in ce amin. Bakina na aiki, idona a bushe ƙamas. Ko yunwa ban ji ba. In aka miƙo fura in sha, in ba a miƙo ba ba na tunawa da ita.

Wata tsohuwa ta taso tun daga Sukuntuni tana dogara sanda, ta zube a tsakar gida tana faɗin Goggo ce ta wanke mata 'ya'ya mata biyu a shekarar sanƙarau, lokacin da maƙwabta ko leƙowa ba su yi. Wata Bafillatana mai tallar nono ta ajiye ƙwarya cike a gabana, ta zauna ta rufe fuska da gefen zane har la'asar. Daga baya na ji cewa Goggo ta taɓa bin ta ruga cikin ruwan sama don ta wanke mata uwa. Matar Baffa kuwa, wadda ba ta taɓa yarda ta sa hannu ƙwarya ɗaya da Goggo ba, ita ta fi kowa ɗaga murya. Da ta huta sai ta dube ni, ta ce wa ta kusa da ita, ba ma a hankali ba, "Boko ya ƙafar mata da hawaye." Na ji ta sarai. Da a da ne, da ta sha magana har ta ƙoshi. Ran nan ko haushi ban iya ji ba.

Duk wadda ta zo daga nesa, in ta gama addu'a, sai ta sassauta murya ta yi tambaya guda: "To, wa ya wanke ta?" Tambayar tana bisa hanya. Shekara arba'in ko fiye, babu macen da ta rasu a Kusada da ƙauyukan gefe da ba Goggo ce ta yi mata wanka ba, kuma kowa ya san ba ta bar magajiya ba. Ita kanta wannan tambayar ce ta hana ta sakat a ƙarshen rayuwarta. Ina so in rubuta amsar don kada a manta da Goggo, amma ba yadda zan yi sai na bi ta kan wani littafin Turawa, wanda har yau ban san ko sonsa nake ko ƙinsa ba.

Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina rarrafe, bayan ta wanke mahaifiyata da hannunta. 'Ya'yan da ta haifa uku ne, duk sun koma kafin yaye. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta sake aure ba. Gajera ce, siririya, amma damtsenta kamar na mai surfe. Kullum za ka same ta da mazari tana kaɗi, in tana magana ma zaren na tafiya. A jikin bangon ɗakinta akwai wani ɗan adudu a rataye. Cikinsa dakakken ganyen magarya ne, da kafur, da auduga, da allura, da tsummoki masu tsabta. Da an yi sallama an ce wance ta cika, sai ta ajiye mazari ta sauko da adudun, ko tuwo ne a bakinta.

Tana da halaye biyu da ake yi mata tsiya a kansu. Na farko, ba ta wankan gawa da ruwan sanyi. Sai an ɗora tukunya ruwa ya yi ɗumi, ko da maza na ƙofar gida suna cewa rana na yi. Wani maigida ya taɓa cewa ɓarnar itace ce, wadda ta mutu me ta sani. Goggo ta ce masa, "In naka ya zo sai ka bar wasiyya a ɗebo maka na randa." Na biyu, magana take yi da gawa. Ana jiyo ta daga waje tana cewa, "Sannu, baiwar Allah. Zan ɗaga ki. Zan juya ki dama. Yi haƙuri, saura kaɗan." Mata su riƙa taɓa juna suna murmushi a ɓoye. Da na tambaye ta dalili ina yarinya, sai ta ce ita ba ta saba taɓa mutum ba ta gaya masa ba.

Abin da ta gani a ɗakin wanka kuwa, a nan yake tsayawa. Na taɓa ganin wata mata ta zo da goro, ta yi ta kewaye-kewaye, tana son ta ji ko an ga tabon duka a jikin wata maƙwabciyarsu da ta rasu. Goggo ta karɓi goron, ta ɓare, ta ci, ta ce, "Na ga baiwar Allah, na wanke ta." Matar ta ƙara tambaya, ta ƙara samun wannan amsar, har ta gaji ta tafi.

Ladan da take samu wurin mutane shi ne a ware mata ƙwarya. A gidan biki a zuba mata nata daban. A gidan suna a yi ta miƙa jinjiri hannu zuwa hannu, in an zo kanta a tsallake. Ba ta taɓa nuna ta damu ba. Ni ce nake damuwa, ni ce nake dawowa gida ina cika ina batsewa.

Lokacin da aka aiko daga Kankia cewa kowane gari ya ba da yarinya a kai makarantar 'yan mata a Katsina, masu hali suka tura nasu ƙauye wurin dangi. Aka duba aka duba, aka ce ga marainiyar gidan mai wankan gawa. Goggo ta ɗaure mini kaya a zane, ta ce, "Tahi ki koyo nasu. In kin dawo in koya maki nawa." Na dawo da takalmi da Turanci da hanci a sama, aka ba ni aikin koyarwa a elementare ta Kankia, na auri wani malamin gona. Sau uku, in na zo hutu, ta ce in bi ta in riƙe mata ruwa kawai. Sau biyu na ce kaina na ciwo. A na ukun na faɗi abin da ke raina. Na ce ni ba zan ƙare rayuwata ina taɓa gawa ana ware mini ƙwarya ba. Tana kaɗi na faɗa, zaren ko tsinkewa bai yi ba. Ta ce, "To." Ba ta sake yi mini maganar ba. Ta nemi wasu mata biyu a unguwa, ɗaya mijinta ya hana, ɗaya ta suma ran farko.

Da cikina na fari ya tsufa, na zo gida haihuwa kamar yadda ake yi. Surukata ta aiko daga Kankia cewa a nemi wata ta yi mini wankan jego, kada hannun da ke wanke matattu ya taɓa mai jego da jinjira. Mijina ya kawo saƙon yana kallon ƙasa. Goggo ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata hannun nan shi ya goya matarka." Washegari ta ɗora tukunya. Kwana arba'in tana yi mini wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, tana dama mini kunun kanwa, tana hura wuta ƙarƙashin gado. In na yi ƙara don zafi sai ta ce, "Waɗanda nake wankewa ba su da wannan surutun."

Tsakanin wankan safe da na yamma babu abin yi, ga shi an hana ni fita. A cikin kayana akwai wani littafi da wata Baturiya malamarmu ta ba ni lokacin da za ta koma ƙasarsu. Baƙin bango gare shi, babu hoto ko ɗaya, gara ta ci gefensa. Na daɗe da shi ban buɗe ba. Ran da na fara, Goggo ta ga fuskata ta canza, ta ce, "Mi ke ciki da kike yamutsa fuska haka?" Sai na fara juya mata shi da Hausa, shafi shafi, ita tana kaɗi, jinjira na barci a tsakaninmu.

Labarin wani birni ne da aka gina bayan wani babban yaƙi. A birnin hukuma ta hana a ga gawa. In mutum ya mutu, sai mutanen gida su rataya farin ƙyalle a ƙofa su fita. Wata mota marar taga ta zo ta ɗauke shi, ba a san inda take kai shi ba, kuma laifi ne a tambaya. Kafin yamma ma'aikata sun shafe ɗakinsa da farar ƙasa, sunansa kuma a ba jaririn da aka fara haifa bayansa. Babu jana'iza, babu makoki, babu kabari. Wadda labarin ke bi wata mata ce, aikinta ke nan, shafa farar ƙasa a ɗakunan waɗanda aka ɗauke.

Goggo ta ce, "Wane gari ne wanga? Gabas da Makka yake ko yamma?"

Na ce babu shi. Mai littafin ne ya ƙaga, yana cewa wata rana duniya na iya zama haka.

"Ƙarya ce ke nan."

"Ƙagaggen labari ake cewa, Goggo."

"Mutum ya zauna da hankalinshi ya ƙaga wannan, ba wanda ya yi mashi komi? Allah ya shirye shi." Ta murza mazari. "Ci gaba."

Haka muka yi ta yi. Kullum sai ta zagi mai littafin, kullum kuma da ta ɗauraye hannu sai ta ce ina muka tsaya. Wata rana ta tambaye ni, su Turawan nan da ake ta cewa sun kusa tafiya a ba mu mulkin kai, wannan abin za su bar mana ne ko can gida za su tarar da shi. Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata na faɗa.

Ba duka ta ƙi ba, wannan ne abin da ya dame ta, ni ma shi ya dame ni. A birnin ba a kwana da yunwa. Mace ba ta mutuwa wurin haihuwa, kuma duk jaririn da aka haifa yana girma. Da na zo wurin sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Mazarin ya tsaya. Ta dubi jinjirata ta daɗe, sannan ta ce, "Duka suke rayuwa? Ba ɗaya?" Na ce haka aka rubuta. Ta ce, "Da an zo an ce mani, ba da makoki a bar maki ɗiyanki uku..." Ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta je duba wuta, alhali wutar ba abin da ya same ta. Ran nan ba ta zagi kowa ba.

Can wajen tsakiyar littafin, uwar matar nan mai farar ƙasa ta mutu da safe. Matar ta ɗauko farin ƙyalle za ta rataya, sai ta kasa. Ta kulle ƙofa, ta zauna kusa da gawar. Tana so ta yi mata wani abu, amma ba ta san mene ne ba, don ba ta taɓa ganin an yi ba, kuma babu wanda za ta tambaya. Shafi wajen goma tana zaune tana kallon bango.

Goggo ta ajiye mazari. Ta ce, "Ba ruwa gidan?"

Na ce akwai, har famfo a cikin ɗaki.

"To ta tashi ta ɗora shi bisa wuta."

"Goggo, ba haka aka rubuta ba."

"Ban tambaye ki abin da aka rubuta ba. Baiwar Allah na zaune ba ta san abin yi ba, ke kina da baki. Gaya mata."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta juya ta fuskanci littafin da ke cinyata kamar mai magana da baƙuwa. Ta ce ta rufe uwarta da zane daga ƙirji zuwa gwiwa, kada ta kware ta. Ta ɗaga ta kaɗan ta shafa cikin a hankali. Ta naɗe hannunta da tsumma ta yi mata tsarki. Sannan alwala, kamar yadda za ta yi wa kanta, sai dai ba a zuba ruwa a baki da hanci, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Nan ta tsaya, ta ce ya isa haka, kada a cika mata kai, gobe a ƙarasa.

Washegari na buɗe inda labarin ya ci gaba, ta ce a'a, koma wurin jiya. Ta ce, "Ina muka bar ta?" Na ce ta gama alwala. "Sai mi?" Na ce ina zan sani. Ta ce sai kai, sannan gefen dama daga kafaɗa har ƙafa, sannan hagu. Wankan farko da ruwan magarya. A maimaita sau uku, in bai yi ba biyar, ba a tsayawa a kan biyu ko huɗu. Na ƙarshe da kafur. A tsane ta da busasshen zane. A sa auduga da turare a goshi da tafin hannu da gwiwa, wuraren da ke taɓa ƙasa in ana sujada. Kuma kafin kowane motsi ta gaya wa uwarta, don ba kaya take juyawa ba.

Kwana tara muna kan shafukan nan. Na gaji, na yi mita, na ce ina son in san ƙarshen labari. Ta ce matar ba ta da ƙwaƙwalwa, sai an maimaita mata. Kullum sai ta tambaye ni daga farko, ni kuma don in nuna mata ba a banza na yi boko ba, sai in zayyano mata tiryan-tiryan. Ni da nake koyar da yara da dabara, aka yi mini dabara ina zaune. Ko kuwa na gane na yi kamar ban gane ba. Wannan har yau ban tantance ba.

Ƙarshen littafin bai yi wa kowa daɗi ba. Da yamma ta yi, matar ta buɗe ƙofa ta rataya ƙyallen da hannunta. Mota ta zo. Washegari aka turo ta aiki, ta shafe ɗakin uwarta da farar ƙasa, ta tsaya a tsakiya tana neman baƙin ciki a ranta, ba ta samu komai ba. A nan aka rufe.

Na jefar da littafin bisa gado. Na ce wannan shi ne mafi muni a ciki, a ce uwarki ta mutu ki ji ba komai. Na ce sun kashe mata zuciya, ta zama dutse.

Goggo ta ce ban fahimci komai ba.

Na ce ni na karanta, ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Haka na faɗa mata, Allah ya yafe mini.

Ta ce, "Ke kin karanta, ni na wanke. Ran da na wanke uwarki ban ji komi ba. Na fito na ci tuwo, na yi maki wasa. Da bazara ta rasu. Sai da gero ya nuna, ina gona ina yankan kai, sannan abin ya zo mani, na zauna cikin kunya na yi ta yi har rana ta faɗi. Zuciya lokacinta daban, ba a yi mata dole. Abin da ya ba ni tausayi da matar nan, hannunta ne. Uwarta na kwance yini guda, ko fuska ba ta goge mata ba."

Ban yarda ba, muka yi ta ja har jinjira ta farka. Ran da na yi arba'in zan koma Kankia, ta ce in bar mata littafin. Na ce me za ta yi da shi. Ta ce ba ta so ya kwana ɗaki ɗaya da jinjira.

Damina uku bayan haka, bana ke nan, Baffa ya aiko cewa jikin Goggo ya yi tsanani. Na samu mota ta rage mini hanya, sauran na ƙarasa bisa jaki cikin taɓo. Na same ta ta ƙanƙance, amma bakin na nan. Ta ce kanta ya yi tsiya, in yi mata kitso, na yi mata. Kwana biyu muka yi tare. Ba ta ta da maganar wanka ba, ni ma ban tayar ba, amma sau da yawa na ga idonta na zuwa kan adudun da ke bango. Ran na uku da hantsi, ina ba ta ruwa a ludayi, ta yi shahada ta cika.

Na rufe mata ido. Na ɗaure mata haɓa. Na fito na gaya wa Baffa kamar mai ba da labarin kasuwa.

Akwai wata tsohuwa a Bauranya da takan yi wankan in ta kama dole. Baffa ya tura a ɗauko ta, aka dawo aka ce an yi ruwa da asuba, rafi ya kawo, ba ya ƙetaruwa. Maza sun gama haƙa, suna zaure suna jiran likkafani su ɗinka. Mata sun cika tsakar gida, kowa na kallon kowa. Mata wajen talatin, kusan kowacce Goggo ta wanke mata uwa ko 'ya ko 'yar'uwa, babu wadda ta taɓa shiga ta gani. Sai matar Baffa ta ce, tunda abin ya zo da haka, a kwara mata ruwa daga sama da zanenta a jiki, Allah ya ga niyya. Wasu suka ce haka ne. Wata har ta nufi randa.

Ni kuwa an aike ni ɗauko likkafani, don kowa ya san da zaren kaɗinta ta sa aka saƙa mata nata tuntuni. Na sauko da adudun. Farin na sama a ninke. Da na ɗaga shi sai ga ƙullin magarya sabon daka, ga kafur, ga auduga, ga tsumma biyu, ga littafin a ƙasa. Ta sa tsinken tsintsiya a tsakiyarsa. Ban buɗe ba, na san shafin.

Ba zan ce wani abu ya motsa a raina ba, don bai motsa ba. Na miƙa likkafanin aka kai zaure. Na dawo na ji bakina na cewa, "A mayar da ruwan randar nan. A ɗora tukunya." Matar Baffa ta ce rana na yi. Na ce ranar ta yi ta yi. Na ce kuma ita za ta zuba mini ruwa.

Muka shiga mu biyu, na saki labule. Na rufe Goggo da zane daga ƙirji zuwa gwiwa. Na taɓa ruwan da gwiwar hannu na ji ɗuminsa. Na tsaya a kanta, sai na ji na ce, "Sannu, Goggo. Zan ɗaga ki." Daga nan hannuna ya yi ta tafiya shi kaɗai. Tsarki, alwala. Matar Baffa na zubawa, fuskarta na kallon bango.

Da na zo kai sai na tsaya cak. Uwar matar cikin littafi gashinta a yanke yake, na gaya wa Goggo haka tun lokacin, ta ce to a wanke kawai. Ba mu taɓa yin maganar kitso ba. Ga kitson da na yi mata shekaranjiya, ban san ko tsefewa ake ko bari ba. Na ce, "Goggo, kan fa?" Da ƙarfi na faɗa, kuma na jira. Ina tsaye da ruwa na ɗiga daga hannuna, ina jiran amsa kamar wata sakarya.

Matar Baffa ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Tsefewa take yi. Ta wanke, ta kama gida uku, ta mayar baya. Na gani a kan innata, lokacin da aka buɗe mani fuskarta." Na tsefe. Na wanke. Na kama uku. Na ce, "Zan juya ki dama." Na ce, "Zan juya ki hagu." Sau uku, na ƙarshe da kafur. Na ce, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Kafin azahar an kai ta.

To ga amsar masu tambaya. Ni na wanke ta, da ruwan ɗumi. Tun ranar matar Baffa take zuba mini nawa tuwon a ƙwarya daban, kuma na lura, ina cin abina.

Littafin yana nan. Mijina ya zo gaisuwa, na ba shi labari, ya ce in sa shi a murhu, ba alheri a cikinsa. Wani lokaci ina ganin gaskiyarsa. Mugun littafi ne. Wanda ya rubuta shi ya ɗauki baiwar Allah ya kulle ta a ɗaki da gawar uwarta, bai ba ta ko tsohuwa ɗaya da za ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ya sa Goggo ta auna 'ya'yanta uku da aikinta na shekara arba'in, ba ta kuma gaya mini wanne ya rinjaya ba. Kuma kwanakin nan, in na zauna ina neman baƙin ciki a raina ban samu ba, matar nan nake gani a tsakiyar farin ɗaki, sai tsoro ya so kama ni, shi ma tsoron bai kamawa sosai. Amma ba don wannan mugun littafin ba, da an kwara wa Goggo ruwan randa da zanenta a jiki. Ni da na ƙi ta a fuska sau uku, ta wurinsa ta samu ƙofa. Na ɗauke shi zan kai murhu sau biyu, sau biyu na mayar da shi cikin adudu.

Jiya da hantsi, kwana goma sha ɗaya da rasuwarta, ina haɗa kaya zan koma Kankia, aka yi sallama a zaure. Wani mutum ne daga bayan gari, ƙanwarsa ta rasu wurin haihuwa. Bai san me zai kira ni ba. Ya ce wa Baffa an ce masa ya zo gidan Goggo. Baffa ya leƙo ya dube ni. Na ce wa mutumin ya yi gaba ya ce a ɗora ruwa. Na sauko da adudun.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta suturta bayinka mata ba adadi, ba ta taɓa tona asirin ko ɗaya ba, ka suturta ta, ka rufa mata asiri. Ka yalwata mata makwanci, ka haɗa ta da 'ya'yanta uku. Abin da na gaya mata da bakin nan nawa, ka yafe mini, don ita ba ta tsaya na roƙe ta ba.

Har yanzu ban yi kuka ba. A hanyar dawowa jiya na bi ta gefen gonar Baffa, na ga gero ya fara fitar da kai. Bai nuna ba tukuna.